Ƙunshin Yaa Falmata

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya lokacin da motar Zariya ta zube mu a Zuba. Tun daga tasha direban ya yi mana alƙawarin cikin gari, amma da ya hango fasinjan komawa sai ya kashe mota ya ce nan ma Abuja ce, wanda bai yarda ba ya tambaya. Na sauko da jaka a ka, na rungume ledar takalmin da na saya don intabiyu, ni ina jiƙewa shi yana bushe. Mai mashin ɗin da na tara ya dube ni sau ɗaya ya gane baƙuwa ce, ya zaga da ni ta bayan kasuwa ya dawo da ni kusan inda ya ɗauke ni, sannan ya kama hanyar Tungan Maje. Sai daga baya na san da ƙafa ma ana zuwa.

Aikin jirgi ne ya kawo ni. Wani kamfanin jiragen sama na ƙasar waje zai ɗebi ma'aikatan cikin jirgi, masu raba abinci da kula da fasinja, kuma yana neman masu jin Hausa saboda masu zuwa Umara. Ni kuwa na shekara da shekaru ina ɗaukar tire a wani gidan abinci a Zariya, ina yi wa masu ƙoshi murmushi a kan albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Na ce ai aikin ɗaya ne, tiren ne kawai za a ɗaga sama, a kuma biya ni kamar mutum. Da na roƙi mai gidan abincin hutu ya ce in na fita kada in dawo, na ninke masa rigar aikinsa na ajiye a kan kanta. Matsalar ita ce kamfanin ya sa iyakar shekaru, ni kuma ina bakin gaɓa. Kafin azumi ya kama zan haura ta, kuma sau ɗaya suke ɗiba a shekara. Ko wannan karon, ko babu.

A Tungan Maje gidan Kawu Sale na sauka, ƙanen Innata, mai sayar da tayil a kasuwar Dei-Dei. Inna ta san halin ɗan'uwanta, don haka abin da ta gaya masa kawai shi ne Habiba za ta zo neman aiki. Ya karɓe ni da fuska a sake, matarsa ta ba ni katifa a ɗakin yara, aka yi ta tambayar mutanen gida. Na ji daɗin wannan tarba har na fara zargin Inna da yi wa mutum mummunan zato.

Zagayen farko a wani babban otal na cikin gari aka yi shi. Ban taɓa ganin 'yan mata masu tsawo da yawa haka a wuri ɗaya ba, kowacce ta ja gira ta ɗaure gashi tamau, suna kallon juna daga sama har ƙasa. Aka auna tsayinmu, aka sa muka cire takalmi muka miƙa hannu mu taɓo wani layi a bango, aka ba mu Turanci mu karanta. Wadda ta kasa, a take ake nuna mata ƙofa da murmushi. A nan na fara sanin cewa ana iya korar mutum ana yi masa godiya.

A layin nan na haɗu da Zainab, wadda ta ce in kira ta Zee. Haifaffiyar nan ce, gidansu a Masaka, kuma ta yi wata makarantar horon ma'aikatan jirgi ta 'yan watanni, don haka ta san yadda ake tsayuwa da inda ake ajiye hannu. Turanci a bakinta kamar an kunce famfo. Hausar ce ba ta da ƙashi. Da aka ce ta sanar da fasinja su ɗaura bel su miƙar da kujera, sai ta yi ta lalube, rabin maganar Turanci rabin ta nuni da hannu, da ƙyar ta sha. Da muka fito ta kama hannuna ta ce mu yi musaya, ni in gyara mata Hausa, ita ta koya min tafiya da dogon takalmi ba tare da na yi kamar mai tsallake kwata ba. Ta saya min ruwan sanyi, ta nuna min inda ake hawa motar Zuba. Ita ce ta farko da ta kula ni a garin, kuma na so ta nan take.

Murnar tsallake zagayen farko ce ta kwance min baki. Muna cin tuwo a tsakar gida na ba da labari tiryan-tiryan, har da layin bango. Kawu ya tsame hannunsa daga kwano.

“Aikin me kika ce?”

Na maimaita.

“Wato ki dinga kwana otal-otal na duniya, kina rusuna wa mazan mutane a sama, an ɗame ki cikin siket. Ba daga gidana ba, Habiba. In aiki kike so, akwai kujera a shagona.”

Na so in tambaye shi rusunawar da na shekara ina yi a Zariya wa ya taɓa hana ni, ko don a ƙasa ake yin ta kuma ba ta da kuɗi. Na haɗiye, don ina buƙatar katifar nan. Washegari na bi shi Dei-Dei, ya zaunar da ni a bayan kanta tsakanin kwalayen tayil. Manyan motoci suna sauke siminti da rodi, taɓo har idon sawu, warin kasuwar shanu yana tasowa duk sa'ad da iska ta juyo. Maƙwabtansa 'yan kasuwa suka dinga leƙowa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo gaida Alhaji, ashe ya riga ya ba su labari. Wani mai jan gemu ya ce in kawo masa shayi ya ga yadda ake yi a jirgi, aka bushe da dariya, har da kawuna. A kwanakin nan na yi kewar gida irin wadda ban san ina da ita ba. Har ƙarar injin markaɗen maƙwabtanmu, da na shekara ina tsine wa, na yi marmarin ji.

Ranar zagaye na biyu na ce masa zan je gida cikina na ciwo, na wuce otal. Aka sa mu muhawara rukuni-rukuni, aka kai mu wurin wanka aka ce kowacce ta yi iyo ta kai ƙarshe. Rafin bayan garinmu da Inna ta sha dukana a kansa ya yi min rana. Da yamma aka kira sunayen waɗanda suka rage, ga nawa ga na Zee. A cikin masu Hausa mu uku muka saura, ni da ita da wata doguwa 'yar Yola, kuma aka gaya mana gurbi biyu ne. Na rungume Zee na ce mata ai shi ke nan, ni da ke ne. Ta yi dariya ta ce Allah ya sa.

Da na koma Tungan Maje na tarar da jakata a wajen ƙofa, an rufe ta da buhu saboda ruwa. Wannan buhun shi ne iyakar alherin da matar Kawu ta iya yi min, kuma ban raina ba. Na buga ƙofa, ta amsa daga ciki ba ta buɗe ba, ta ce in yi haƙuri, Alhaji ya rantse. Na tsaya ina kallon ƙofar da aka tare ni a bakinta da “lale marhabin”, raina yana tafasa, amma hawaye suka ƙi zuwa. Na kira Zee.

Haka na tsinci kaina a Masaka, can ɗaya gefen garin, bayan cunkoson da ya sa na ji kamar na sake tafiyar Zariya. Zee ta ce gidansu ba wuri, babanta kuma ba ya son baƙi, amma ta kai ni wurin wata mata da ke da shago a bakin kasuwa. Yaa Falmata ke nan, Babarbariya, wadda rikici ya koro daga garinsu ta zo nan tana gyaran amare, tana ƙunshi, tana haɗa turaren wuta. Ƙatuwar mace ce mai ƙaramar murya, kuma a Hausarta kowa namiji ne. Ta saurari labarina tana kaɗa kai, ba ta tambayi ko sisi ba.

“Kai ɗiyata ne,” ta ce. “Ka ajiye jaka. Wanda aka taɓa rufe wa ƙofa ba ya rufe wa wani.”

A ɗakin bayan shagon muke kwana, ni da ita da buhunan itacen turare, har kayana suka kama ƙamshi. Da safe ta dama kunun gyaɗa, ta tsare ni sai na shanye. Kullum da rana Zee takan zo, mu share tsakiyar shagon, in sa dogon takalmi in yi ta kai da komo da tiren Yaa Falmata a hannu, kofuna cike da ruwa. Ni kuma in zaunar da ita in yi ta nanata mata yadda ake yi wa tsoho magana, yadda ake ce wa Hajiya ta yi haƙuri ta zauna ba tare da ta ji an raina ta ba. Ban ɓoye mata komai ba. Har addu'ar hawa abin hawa na gyara mata. In Inna ta kira sai in ce komai lafiya, Kawu na gaishe ta.

Ana gobe zagayen ƙarshe, wanda manyan kamfanin da kansu za su zo su yi, Yaa Falmata ta rufe shago tun bayan azahar, ta kori wata amarya ta ce ta dawo jibi. Ta kama hannuwana ta juya su, ta yi tsaki. Ta ce ba za a ce 'yar gidanta ta je gaban manya da hannu fari fat kamar mai takaba ba, alhali ita ce ke yi wa matan gwamnoni ƙunshi a da. Ta fito da lallen da take ɓoyewa, wanda ake kawo mata daga gida, ta tankaɗe ta kwaɓa.

Na san an ce ba a ɗaukar mai tabo a bayyane ko mai zanen nan na allura da Turawa ke yi a jiki. Na karanta, na wuce, don ba ni da ko ɗaya. Ko a mafarki ban haɗa wannan da lalle ba. A wurinmu mace ba ta zuwa babbar rana da hannu gaya. Sallah, biki, suna, har zuwa tarar mahajjaci, da ƙunshi ake zuwa, shi ne alamar kin ɗauki abin da muhimmanci. Duk da haka na juya na tambayi Zee, wadda ke zaune a kan benci tana danna waya, ko ita ma za a yi mata.

“Ni fatata ba ta son lalle, ƙaiƙayi yake sa ni,” ta ce, ba ta ɗago ba. Can ta ɗago ta dube ni. “Amma ke ki yi, sis. Zai fito da hannunki. Mama, ki sa mata har farcen.”

Yaa Falmata ta zuba duk iyawarta. Ta zana baƙi a bayan hannu, siririn reshe daga wuyan hannu har tsakiyar yatsa, sannan ta ƙunshe kan yatsun da faratan da ja, ta naɗe da leda. Ita ta dinga ba ni abinci a baki, tana ba ni labarin gidanta da ta baro da bishiyar dabino a tsakar gida. Da aka kwance, jan ya kama har ya yi duhu. Ban taɓa ganin hannuna da kyau haka ba, kuma na yi farin ciki irin na yara, na dinga ɗaga shi ina kallo.

Da sassafe muka bi cunkoson hanyar Keffi ni da Zee a kujera ɗaya, ta ɗora kanta a kafaɗata tana gyangyaɗi. A otal aka jera mu a tsaye. Wata Baturiya siririya ta shigo tare da wata madam 'yar ƙasarmu mai riƙe mata takardu, ta ce kafin a fara magana kowacce ta miƙo hannu, ciki da baya. Tana bi tana duba farce, tana leƙa bayan kunne, tana sa a yi murmushi ta ga haƙori. Da ta iso kaina na miƙa nawa har da ɗan alfahari. Ta tsaya. Ta sa bayan biro ta ɗaga yatsana, ba ta taɓa ni da hannunta ba, ta tambayi mene ne wannan.

Na ce lalle ne, ado ne, ganye ne kawai, yana gogewa. Madam ɗin ta yi mata bayani, ita ma tana yamutsa fuska kamar ba ta taɓa ganin lalle a ƙasar nan ba. Baturiyar ta tambayi yaushe zai goge. Na ce baƙin ba ya daɗewa. Ta ƙwanƙwasa farcena da biron ta ce wannan fa. Duk 'yar Hausa kuwa ta san jan lalle ba ya barin farce, sai dai farcen ya tsiro a yanke. Ta ce horo za a fara nan da 'yan kwanaki, kuma dokarsu ba ta yarda da kowane irin zane a inda fasinja zai gani ba. Na roƙe ta, ni da ban iya roƙo ba. Ta dubi agogo ta ce za su tafi hutun rana, in na dawo da hannu mai tsafta za ta saurare ni. Mai tsafta, haka ta ce.

Na fita da dogon takalmin nan ina gudu a bakin titi har na sami wani kanti. Na sayi ruwan bilicin wanki da lemon tsami da soson ƙarfe, na koma banɗakin otal ɗin. Na zuba, na dirza, na matsa lemo, na sake dirzawa. Baƙin ya fara koɗewa, fatar ta bi shi. Raɗaɗin yana hawa min har ka, amma ban tsaya ba, na dinga kankare farcen da soso har gefensa ya fashe. Wata mai shara da ta shigo ta ajiye bokitinta ta riƙe wuyan hannuna, ta ce da Hausarta ta mutanen Filato in bari haka, naman jikina nake ci. Ta sakar min ruwan sanyi a hannun, ta ciro ɗan basilin daga aljihunta ta shafa min. Da na duba, bayan hannun ya yi jajir ya saɓule wuri-wuri, faratan kuwa suna nan da jansu kamar ba a taɓa su ba.

Haka na koma na miƙa. Baturiyar ta ja da baya taku ɗaya. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma mai ciwo a hannu ba ya raba wa mutane abinci, in gwada baɗi. Madam ta buɗe min ƙofa tana yi min godiyar zuwa.

Ban tafi ba. Na zauna a kan dakalin bakin get, hannuwana a buɗe a kan gwiwa don ko mayafina ba sa son ya taɓa su, har aka tashi. 'Yar Yola ta fito tana waya tana kuka irin na murna. Bayanta Zee ta fito. Da ta gan ni ta rage tafiya, amma ba ta kauce ba, wannan kam zan ba ta.

“Kin sani?” na ce.

Ta dubi hannuna, ta kau da kai. “Ranar farko a makaranta ake faɗa mana.”

“Kika ce a sa min har farce.”

“Habiba, kin fi ni Hausa, kin fi ni tsawo, kin iya iyo. Waccan ma ta fi ni. Gurbi biyu ne. Me kike so in yi?”

Na sauke ido kan hannuwana. Da ƙarya ta yi min da na sami abin kamawa. Ta gyara jakarta ta ce in sa zuma a ciwon, ta tari mota ta shige. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane ta a wannan lokacin ba, kuma har yau ban huce ba.

A Masaka na tarar da Yaa Falmata a ƙofar shago, ta yi girki ta rufe, ta tara maƙwabta biyu suna jiran labari. Ta taso da fara'a tana tambayar ko manyan sun ga aikinta. Sai idonta ya sauka a kan hannuna. Ta sallami matan, ta ja ni ciki, ta tambayi wa ya yi min haka. Na ce ni ce, na gaya mata dalili, ban rage komai ba, don ba ni da ƙarfin yi mata ƙarya. Ta zauna a ƙasa daɓas, wannan ƙatuwar mata, ta ɗora hannuwana a cinyarta tana shafa musu man kaɗe a hankali, hawayenta na ɗiga a kai.

“Ni na yanka ka,” take ta faɗa. “Da hannuna na yanka ka, ɗiyata.”

Ni na koma ina ba ta haƙuri, kuma wannan ya fi min komai ciwo a ranar.

Ban koma Zariya ba, don ba abin da zan koma wa. Da fatar ta warke na sami aiki a wani gidan abinci a bakin titin Masaka, inda direbobin manyan motoci ke tsayawa, na koma ɗaukar tire. Jan ya dinga ja da baya a hankali, farin farce yana biyo shi daga tushe, duk Juma'a in yanke abin da ya tsiro. Azumi ya kai tsakiya ranar da na yanke jan ƙarshe a babban yatsana, shekaruna kuwa sun riga sun haura. Na ɗaga hannun na juya shi ciki da baya. Ya fita tas, babu ɗigon komai, kuma babu wanda zai sake ce min in miƙo shi.